Baƙuwar Maiturare Mai Zanen Damisa

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Ammariyya ta Jidda ya san Alhaji Abduljalil Maiturare, in bai san shi da ido ba ya san shi da hanci. Tun daga bakin lungu ƙamshin ɗakinsa ke tarbar mutum: sandal, kanumfari, hayaƙin turaren wuta na shekara da shekaru da ya shige bango ya zauna. Shagonsa na kasuwar Balad ya daɗe da rufewa, ƙafa ta ƙi, amma kwalabe suna nan jere a kan kantar ɗakinsa, kuma dokar gidansa ba ta canja ba: baƙo ba ya fita sai an shafa masa turare a bayan hannu. Ko mai gyaran famfo ne, ko ɗan sandan da ya zo duba iƙama, takardar izinin zama.

Mutum ne da ya ga duniya, kuma ba ya bari a manta. A Mai Wurno aka haife shi, can ƙasar Sudan. Yana da shekara goma sha bakwai ya hau jirgin katako daga Sawakin, ruwan sha ya ƙare musu a tsakiyar teku, aka jefa gawar mutum uku a ruwa, shi ya sauka da ƙafarsa. Kwalara ta zo ta same shi ta wuce. Shekarar da ambaliya ta ci Jidda, shi ya goya matarsa Ummukulthum ya haye da ita, ruwa iya ƙirji. Bai taɓa zama gaban malamin boko ba, allo ma bai daɗe a hannunsa ba, amma a cewarsa masu digiri nawa ne suka zo suka durƙusa yana koya musu bambancin itacen ud na gaske da na jabu?

Abu guda ne ba ya cikin labaran nan. Maiturare bai iya karatu ba, ko na Larabci ko na boko. Lambobi ya sani, ya san kwalba da siffarta da murfinta. Duk takardar da ta shigo gidan, Ummukulthum ce ke karanta masa a ɗaka, da ta rasu sai 'yarsu Mastura ta gada, ba tare da ta taɓa furta wa kowa ba. A waje kuwa tabarau ne ke ɗaukar laifi. Kullum an manta shi a wata rigar.

Mastura da 'yarta Wejdan suna sama, shi yana ƙasa. Wejdan haihuwar Jidda ce, tana karatun aikin jinya, shekararta ashirin da biyu. Tsakaninta da kakanta sallama ce kawai a bakin matakala. In ya yi mata Hausa ta amsa da Larabci, in ya fara labarin teku ta duba waya. Wannan abu yana cin ransa fiye da ciwon ƙafa, ko da yake da za a ɗora masa wuƙa a wuya ba zai faɗa ba.

Sai ga kyanwa ta shigo gidan.

Wata ƙawar Wejdan ce za ta bar ƙasar ta bar mata ita. Ranar da dabbar ta fara saukowa tsakar gida, Maiturare yana kan kujerarsa bayan la'asar, sai da ya janye ƙafa ya laluba sanda. Doguwa ce, jikinta ruwan zinariya, ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu zobe tun daga kafaɗa har cinya, wutsiya mai kauri, tafiya ƙasa-ƙasa kamar mai fakon nama.

"Ke Wejdan! Wa ya ba ki ɗan damisa?"

Ta sauko da gudu tana dariya. Jaddi take kiransa, wato kakana. "La', Jaddi, bissa ce! Kyanwa. Bengal ake ce mata. Sunanta Nimra."

"Bangal ɗin ƙaniyarta. Ni za a gaya wa damisa? Dubi idon nan. Damisa ƙi sabo! Wata rana za ki tashi ki ga ta cinye miki kunne."

Nimra ba ta kula shi ba. Ta wuce kai tsaye gindin famfo, ta tsoma hannu a bahon ruwa, ta shiga gaba ɗaya ta zauna tana wasa da ɗigon da ke sauka. Maiturare ya saki baki. Shekara tamanin da ɗoriya yana duniya, bai taɓa ganin kyanwa ta nemi ruwa da kanta ba.

"To wannan ai ba kyanwa ba ce," ya ce. "Aljana ce."

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai Nimra ta sauko wajen famfo, Wejdan kuma ta biyo ta. Da farko a tsaye take jira. Daga baya ta jawo kujerar roba. Dabbar ba ta barin baho da wuri, zaman shiru kuma ba halin Maiturare ba ne, don haka ya fara ba da labari, wai kyanwar yake ba wa. Ya ba ta labarin jibda bakwai da ya kiwata a Gadarif yana saurayi, yadda ake danne ta da sanda a keji a kankare turarenta da cokalin ƙaho. Ya nuna tabon cizo a babban yatsa.

"Jibda kuma mene ne, Jaddi?"

"Kin ga? Jikar Maiturare ba ta san jibda ba. Kamar wannan abar taki take, mai ɗigo, sai dai ta fi ta mugunta, ta fi ta amfani. Ita wannan me take ba ki in ba gashi a kujera ba?"

"Tana ba ni… yaʿni… farin ciki."

"Farin ciki! To a kankare a zuba a kwalba mu gani."

Ta yi dariya har da dukan cinya. Da Hausa ta faɗi farin cikin nan, ya lura. Wata uku aka yi haka. Hausar Wejdan ta fara miƙe ƙafa, tana tuntuɓe tana tashi, yana yi mata tsiya tana ramawa. Ta fara kiransa Sarkin Ƙarya, yana kiranta Uwar Damisa. Labarin jirgin Sawakin ma, da kowa a unguwar ya haddace ya gaji, ita yanzu take jin sa, kuma kaɗan-kaɗan yake ba ta don kada ya ƙare. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: duk lokacin da Nimra ta nufi ƙofar ɗakinsa, sai Wejdan ta yi wuf ta ɗauke ta. Ya ɗauka ƙyamar ɗakin tsoho ne irin na 'ya'yan zamani. Bai tambaya ba.

Ana nan sai biki ya taso a Riyad, Mastura da Wejdan za su yi mako guda. Safiyar tafiya mota na jira a bakin lungu, Wejdan ta sauko da buhun abincin kyanwa da farar takarda a hannu.

"Jaddi, ka ji. Abinci sau biyu. Ruwa kullum sabo. Kuma muhimmi, muhimmi jiddan, kada ka…"

"Ke dakata! Ni za ki koya wa kiwo? Na riƙe jibda bakwai, kowace ta fi wannan haƙori. Na yi kiwon raƙumi a Kasala. Kyanwa ce za ta gagare ni?"

"Amma Jaddi…"

"Yalla, mota na jira."

Daga waje Mastura na ƙwala kira. Wejdan ta miƙa masa takardar. "Halas, komai na rubuta a nan. Ka karanta, wallahi ka karanta."

"Zan karanta in na ga tabarau."

Ta sumbaci goshinsa ta fita. Mastura ba ta ga takardar ba, da ta gani da labarin nan bai kai a ba da shi ba.

Ya juya takardar sama da ƙasa. Layi shida ne da shuɗin biro. Abdulghani mai shayi yana nan bakin lungu, taku arba'in, mutumin da ke karanta jarida har da ta jiya. Amma shekara talatin suna zama benci guda, yana gaya wa Abdulghani yadda ya ƙure masu digiri. Yau ya je ya ce karanta mini wasiƙar jikata? A kan kyanwa? Ya ninke takardar ya cusa a cikin hula. Abinci da ruwa ne, me kuma za a rubuta?

Kwana uku suna zaman doya da manja. Ya zuba abinci, ta ci, ta shiga baho, ta hau kan katanga tana kallon tattabaru tana wani kuka kamar tsuntsu. Yana ba ta labari ba mai dariya. Gidan ya yi masa faɗi.

Rana ta huɗu, Laraba, ƙafar ta tashi. Ciwon ya hana shi fita ko masallaci, ya kwanta a ɗaka ƙofa a buɗe. Wajen azahar ya ji abu mai ɗumi ya sauka a kan gwiwar da ke zugi. Nimra ce. Ta shigo ɗakin da aka hana ta, ta zagaya sau biyu, ta kwanta daidai inda ke ciwo, tana gurnani a hankali har cikin ƙashi. Bai motsa ba. Tun rasuwar Ummukulthum babu mai rai da ya taɓa ƙafar nan sai likita.

Da ya farka la'asar ta yi, ciwon ya lafa, tana nan.

"To," ya ce mata. "Na yi miki ƙazafi. Ke ba damisa ba ce, baƙuwa ce. Kin shigo ɗakin Maiturare, kuma baƙo ba ya fita haka."

Ya tashi ya dafa kantar kwalabe. Bai ɗauko na baƙin yau da kullum ba. Can baya ya miƙa hannu, ya jawo 'yar kwalba mai murfin azurfa, humrar da ya haɗa wa Ummukulthum da hannunsa, mai man kanumfari da sandal da mahlab, wadda bai buɗe ba shekara shida. Ya zuba a tafin hannu, ba ɗigo ba, zubawar mai abu. Ya shafa mata tun daga ƙeya har wutsiya, ya bi ɗigon nan ɗaya-ɗaya har gashin ya yi sheƙi. Ta yi atishawa, ta zille, ta koma lungu ta hau lasar jikinta.

"Lashe abinki," ya ce yana murmushi. "Matan manya sun roƙi wannan ban ba su ba."

Har garwashi ya sa a kasko ya turara ɗakin, don karramawar ta cika.

Da safe ba ta zo wajen abinci ba. Ya same ta bayan buhun gawayi, miyau na zuba daga bakinta, ta tashi za ta taka ƙafafun baya suka harɗe. Hancinsa ya gaya masa abin da zuciyarsa ba ta so ta ji, don ko numfashinta kanumfari ne. Ya ɗauke ta zuwa famfo ya wanke ta da sabulu sau uku. Dabbar da ke shiga baho da kanta, yau tana kwance a hannunsa kamar tsumma.

Akwai asibitin dabbobi a hanyar Kurayyat, ya san wurin, Wejdan ta taɓa nuna masa. Akwai waya a aljihunsa, lambar Mastura ce ta farko. Ya duba wayar ya mayar. Ya ce wa kansa ai dabba ce mai jinin daji, za ta tashi. Shi da ya ga jibda ta kwana uku ba ci ta miƙe? Ya ba ta madara ta ƙi. Ya tofa mata addu'a. Haka Alhamis ta wuce, takarda na cikin hula.

Juma'a da hantsi suka dawo, kwana ɗaya kafin lokaci. Wejdan ta shigo tana kiran "Nimra! Sarkin Ƙarya!" da ledar tsaraba a hannu. Ledar a tsakar gida ta faɗi, da idonta ya sauka kan kyanwar.

Cikin motar haya ba ta yi kuka ba, ta rungume kyanwar da ta naɗe a tawul. Shi kuwa ya nace sai da ya bi ta. A asibitin suka sami likita baƙi, dogo, mai furfura a gemu, Dokta Munzali, mutumin Sakkwato da ke aikin kwantiragi a nan. Ya duba idon Nimra, ya duba dasashi, ya tambaya da Larabci: me ta ci, tun yaushe?

Wejdan ta juyo ta kalli kakanta.

"Ƙadangare," in ji Maiturare da Larabcinsa na kasuwa. "Na ga tana wasa da ƙadangare a kan katanga. Jiya da yamma abin ya fara."

Likitan ya rubuta. Sannan ya sunkuya ya sa hanci a wuyan kyanwar, inda sabulu bai kai ba. Ya ɗago ya dubi tsohon, ya dubi hularsa da tsagen fuskarsa, sai ya sauya harshe, ya kuma sassauta murya.

"Baba, Bahaushe ne ko?"

"Tun kafin a haife ka."

"To Baba, don Allah mu yi maganar gida. In na bi ƙadangare zan yi mata maganin da ba shi ba ne, kuma ba ta da lokacin. Me aka shafa mata?"

Wejdan na can gefen tebur tana shafa kan Nimra, ta ba su baya. Maiturare ya auna. Yarinyar da sai ta yi tuntuɓe uku kafin ta haɗa magana guda, in aka yi sauri aka yi ƙasa-ƙasa, ina za ta kama? Ya matso kusa da likitan.

"Humra ce. Mai kanumfari. Shekaranjiya da la'asar, cikin tafin hannu. Na kuma turara ɗakin."

"Shekaranjiya! Baba, hantar kyanwa ba ta iya narkar da irin man nan, guba ne a gare ta. Da jiya da safe ka kawo ta ai da sauƙi. Ba a gaya maka ba?"

"An rubuta mini a takarda."

"To?"

Abin da bai taɓa faɗa wa namiji ba a duniya, ya faɗa wa baƙon da ya sani minti biyar.

"Ɗana, ni ban iya karatu ba."

Likitan ya ɗauki kyanwar ya shige ciki yana kiran ma'aikaciya ta kawo ledar ƙarin ruwa. Sai a lokacin Wejdan ta juyo. Ashe bakinta ne ke tuntuɓe da Hausa, kunnenta bai taɓa yi ba. A hannun Mastura ta tashi, tana jin Hausa tun tana yarinya. Ba abin da ya wuce ta.

Suka zauna a bencin jira, kujera ɗaya tsakaninsu. Ya jira ta yi faɗa, ya ma shirya amsa. 

"Da ka ce mini, Jaddi, da na karanta maka. Minti ɗaya."

"Na sani."

"Turare… halas, ba ka sani ba. Karatu, ba laifi ba ne." Tana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kuma da Hausa ta neme su don kada ya ce bai gane ba. "Amma ƙadangare, Jaddi. Tana mutuwa a kan tebur, kai kana cewa ƙadangare."

Mutumin da ya ba teku amsa, ya ba kwalara amsa, ya sunkuyar da kai ya dubi sandarsa.

Nimra ba ta mutu ba. Kwana tara ta yi a asibitin ta fito rabin jikinta, ɗigon nan sun yi mata yawa kamar rigar aro. Dokta Munzali ya ce hantar ta taɓu, kada ta sake zama gidan da ake turare, ko hayaƙinsa. Aka kai ta unguwar Mahjar, gidan Rahma ƙanwar uban Wejdan. Daga makaranta can Wejdan ke wucewa yanzu, sai magariba take shigowa. Ba ta daina gaishe shi ba. Tana tsayawa a bakin matakala ta ce, "Assalamu alaikum, Jaddi, kef halak?" ya amsa, ta hau. Ba ta gaya wa kowa maganar karatun ba. Ba ta kuma sake ce masa Sarkin Ƙarya ba, tunda sunan ya daina zama wasa.

Maiturare ya kwashe kwalabe ya zuba a kwali, ya sa aka wanke bangon ɗakin da omo har sau biyu. Mastura ta tsaya a ƙofa ta shaƙa, ta girgiza kai. "Baba, shekara arba'in ce a bangon nan. Ko fenti ba zai fitar ba."

Wata safiya ya ɗauki sanda ya yi taku arba'in ɗin nan zuwa teburin Abdulghani. Ya jira masu shan shayi suka ragu, ya cire hula, ya zaro takardar da gumi ya fara cinye gefenta.

"Karanta mini."

"Tabarau ɗin ne kuma, Alhaji?"

"Ba tabarau ba ne. Ba a taɓa yin tabarau ba. Karanta."

Abdulghani ya dube shi, ya sauke kai, ya goge hannu a zane. Bai yi dariya ba. Ya karanta yana mayarwa da Hausa. Abinci sau biyu, safe da yamma. Ruwan baho a canja kullum. Na uku, an ja masa layi biyu a ƙasa: kada turare ya taɓa ta, ko na shafawa ko na wuta, yana kashe kyanwa, shi ya sa ba na barin ta shiga ɗakinka, ba don komai ba. Na huɗu lambar asibiti. Na biyar, in ka ga wani abu ka kira ni ko wane lokaci.

"Na shida fa?"

Abdulghani ya gyara murya. "Ta ce: Jaddi, kada ka ba Nimra ƙarshen labarin jirgi ba na nan. Mun tsaya inda ruwa ya ƙare. Ka jira ni."

Mota ta wuce ta lungun, sai da suka janye ƙafa. Maiturare ya karɓi takardar ya shimfiɗa a kan gwiwa.

"Nuna mini inda aka rubuta turare."

Abdulghani ya ɗora yatsa. 'Yar kalma ce, ba ta kai tsawon ƙwayar kanumfari ba. Tsohon ya sunkuya ya daɗe yana kallon ta. Ya san siffar nan. Irinta ce a kan allon shagonsa na Balad, da jan fenti, wanda ya bi ta ƙarƙashinsa safe da yamma shekara arba'in.

"Shayi, Alhaji?"

"Bari," ya ce.

Ya ninke takardar ya mayar cikin hula. La'asar na yi ya fito tsakar gida kamar kullum, ya zuba sabon ruwa a baho, ya jawo kujerar robar da Wejdan ke zama kusa da tasa.